Daga Gumba Zuwa Gato: Tarihin Zaƙin Yaro a Ƙasar Dakoro

Duk wanda ya san Dakoro, garin nan da ke arewa da Maraɗi, inda gonar gero take ƙarewa dajin kiwo ya fara, inda Bahaushe da Bafillace da Buzu suke cin kasuwa ɗaya, ya san cewa in ka tambayi dattijo ranar da aka haife shi, ba lamba zai ba ka ba, sai dai ya ce da kaka ne, shekarar da fara ta cinye hatsi. Ranar mako kuwa tana cikin sunan mutum: Ɗanladi, Jummai, Talatu, Asabe. Hatta waɗanda aka haifa a 1984, da yawansu abin da iyayensu suka riƙe shi ne shekarar El-Buhari, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Nijeriya. Mutanen da lissafinsu ke nan ba su da bikin zagayowar ranar haihuwa, amma kada mai karatu ya zaci yaronsu ya tashi bai san zaƙi ba. Yana da ranakunsa, sai dai kowace rana daga cikinsu wani mataki ne da ya taka.

Ta farko ita ce ranar suna. Malamanmu na mazhabar Malikiyya, bisa abin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, sun karantar da cewa ran bakwai ake yanka akika, dabba ɗaya ko namiji aka haifa ko mace, kuma mustahabbi ne a aske jariri a yi sadaka da nauyin gashinsa na zinariya ko azurfa. Al'ada ta zo ta ƙara nata: tun da asuba a raba goro da dabino a ƙofar gida, liman ya raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, wanzami ya wasa aska, mata kuma a cikin gida su daka gero su dunƙula gumba, su toya masa, a cika ƙore da akussa a ɗora wa yara, a ce, "Kai wa gidan wane, ka ce an samu ƙaruwa." Mai bikin kansa, da yake nono kaɗai ya sani, ko loma ɗaya ba ya ci, abincin bikinsa na jama'a ne.

Haka abin yake tafiya a yaye, da kaciya, da sadakar allo idan yaro ya kai wata sura, har zuwa babbar rana, wato saukar Alƙur'ani. A nan ne gidan da Allah ya hore wa yake fito da abin da ba a gani kullum, kamar alkaki da nakiya, domin alkama sai a fadama, zuma sai an nema, dabino sai ayari ya sauko da shi daga Abzin ko Kawar, mazarƙwaila kuwa daga kudu fatake ke kawo ta. Ga kuma cuku, wanda matan makiyaya ke shanyawa falle-falle a kan tabarma. Ado na wannan rana ba a kan abinci ake yinsa ba. A kan allo ake yi: gwani ya zauna da alƙalami da tawada mai launi ya tsara zayyana, yaro ya rungume ta yana zaga dangi, kowa ya sa albarka ya ba da abin da ya sawwaƙa.

Kwanan wata kuwa da takarda ya shigo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, cikin shekarun 1940, Faransawa suka kafa mazaunin mulki a Dakoro, aka sami kumandan da magatakarda da lakwal, wato makarantar boko, kuma tun da lakwal ba ta karɓar yaro sai da shekarunsa a rubuce, wanda ba shi da takardar haihuwa sai a ƙiyasta, a rubuta masa "wajen shekara kaza", shi ya sa har yau za ka tarar da mutane bila adadin da takardunsu suka ce ran 1 ga Janairu aka haife su. Sai da haihuwa a asibiti ta yawaita, bayan mulkin kai na 1960, sannan uwa ta sami ranar da za ta jira ta zagayo. Shi kuwa abin da ake yankawa a ranar, asalinsa Turai ne: an ruwaito cewa a 1746, a ƙasar Jamus, an yi wa wani basarake mai suna Zinzendorf ƙatuwar waina da kyandirori adadin shekarunsa. Mu ta hannun Faransa ya iso mana, don haka muke ce masa gato, alhali 'yan'uwanmu na Kano da Katsina kek suke cewa. Fulawarsa da sukarinsa galibi daga waje suke zuwa, saboda haka da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, ya daɗa zama abin gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa.

Amma hikimar mata ba ta jiran murhun Nasara. Na ga wata baiwar Allah ta zuba rairayi a gindin babbar tukunya, ta ɗora a kan gawayi har ya yi zafi, ta shafa mai a gwangwanin madara huɗu da kwano mai kusurwa, ta zuba kwaɓi ta jera su ciki, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfi, tana soka tsinke lokaci lokaci ta ga ko ya fito a bushe. Da ya huce, ta yanka na kwanon biyu ta ɗora ƙarami bisa babba, na gwangwani suka zama ƙafafu, ta liƙa dabino biyu a gaba a matsayin fitila, sai ga motar kasuwa irin wadda ɗanta yake bi da gudu. Yaron, wanda jiya-jiya yake gina raƙumi da laka a bakin tafki, ya tsaya yana kallo, ya ce, "Inna, wannan ci ake yi?"

Malamai sun yi saɓani a kan wannan biki: wasu sun ce bidi'a ce da koyi da waɗanda ba Musulmi ba, wasu sun ce al'ada ce kawai matuƙar babu israfi ko alfahari. Ni ban isa in yi fatawa ba. Abin da na lura da shi dai, bayan an ɗauki hoto da waya, matar nan ta yanka motar ƙanana-ƙanana, ta ba ɗanta fitila ɗaya, ta ba almajirin da ke bakin zaure ɗaya, saura ta jera a faranti ta rufe da faifai, ta ɗora wa mai bikin a ka, ta ce, "Fara da gidan Malam, ka ce ya sa maka albarka."