Kauri da Karkata: Nazarin Zubin Haruffan Futura Bold Oblique da Amfaninsu

Tsakure

Maƙalar ta nazarci Futura Bold Oblique, reshen haruffan Futura mai kauri da karkata. Hujjarta ita ce, karkatar da ta rage wa haruffan daidaiton da aka gina su a kai, ita ce ta ba su ƙarfin jan ido.

Asali da zubi

Bajamushe Paul Renner ne ya zana Futura, kamfanin Bauer na Frankfurt ya fitar da ita a 1927. Haruffa ne marasa 'yan ƙafafun ado a bakin layukansu, an gina su bisa da'ira da murabba'i da alwatika. Harafin O kusan cikakkiyar da'ira ne.

Dole a bambanta karkataccen harafi da italik. Italik, wanda Aldus Manutius ya fara bugawa a Venice a 1501, kwaikwayon rubutun hannu ne, don haka siffar harafin kanta takan sauya. A Futura kuwa harafin yana nan yadda yake, an dai jingina shi zuwa dama.

A nan matsalar take. Da zarar an karkata da'ira ta zama ƙwai. Idan kuma na'ura ce ta tura harafin kawai, kaurin layinsa yakan ɓaci: ya kumbura a kusurwoyi biyu, ya sirance a sauran biyun. A siraran haruffa ido kan yafe wannan, amma a masu kauri aibin a fili yake, sai mai zane ya bi kowane lanƙwasa ya gyara da hannu. Kaurin kuma yana matse farin da ke cikin haruffan a da e, shi ya sa zubin bai dace da dogon karatu ba. Na kanun labari ne da allo.

Amfani

Ba'amurkiya Barbara Kruger, wadda ta yi aikin tsara shafuka a mujallar Mademoiselle, ta mayar da wannan zubi tambarin fasaharta: fararen kalmomi cikin jan zirin launi, bisa hoto baƙi da fari. Aikinta na 1989, wanda ta yi don tattakin mata a Washington, shi ne fitaccen misali. Ta ari muryar 'yan talla ne ta soki al'adar saye-saye da danne mata.

Abin lura, kamfanin tufafi na Supreme, wanda James Jebbia ya kafa a New York a 1994, ya ɗauki kusan wannan tsari ya yi tambarinsa. A ganin wannan nazari, hakan na nuna zubin ba shi da aƙida. Gaggawa da ɗaga murya kawai yake isarwa, ko wa ke magana.

Ga mai buga Hausa akwai ƙarin cikas. Yawancin haruffan allo irin wannan ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai kwamfuta ta aro su daga wani zubi, su fito tsaye kuma sirara a tsakiyar kalma mai kauri.