Sikila da Neman Sinadarin da Ya San Inda Zai Kama

Tun 1995 ake gwada jinin jarirai a asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi, aikin da marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya jagoranta. Albarkacinsa, uwa a unguwar Ash Town ko cikin Zango kan san ɗanta yana da sikila tun kafin ciwon ƙashi ya fara kayar da shi. Kusan jarirai 2 cikin 100 a Ghana da cutar ake haifarsu, kuma duk wahalar daga furotin guda take, wato himogulobin mai ɗaukar iskar oksijin. Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa na mai sikila daban yake, sannan Vernon Ingram ya gano a 1957 cewa amino asid ɗaya tak ne ya sauya.

Daga nan masana suka shiga neman sinadarin da zai kama wannan furotin shi kaɗai. A 1971 Anthony Cerami da James Manning na Jami'ar Rockefeller suka nuna cewa sinadarin sayanet yana hana ƙwayoyin jini lanƙwashewa. Da aka ba marasa lafiya, sai ya zama gobarar daji: ya kama wasu furotin ɗin ma, ya taɓa jijiyoyi, ya kawo yanar ido, dole aka ajiye shi. Sai a 2019 Amurka ta amince da maganin Oxbryta, wanda aka ƙera musamman don ya manne wa himogulobin, amma a watan Satumba na 2024 kamfanin Pfizer ya janye shi bayan rahotannin ƙaruwar rikicin ciwo da mace-mace.

Wani zai ce ai wahalar banza aka yi, tunda Oxbryta mai zaɓen himogulobin ma bai tsira ba. Ban yarda ba. Da sayanet ba a iya tantance ko illar daga himogulobin take ko daga wani wuri. Sinadari mai zaɓe kuwa yana taƙaita abin zargi, kuma da shi aka ga cewa ƙaruwar jini a takardar gwaji ba ita ce raguwar ciwo ba. Kuskuren shi ne ɗaukar amsar ɗakin bincike a matsayin waraka. A Kumasin yau, gwajin jariri da magungunan fenisilin da haidiroksiyuriya su ne suka tabbata suna ceton yara, don haka iyaye su kai jariransu gwaji.