Ukaimeden: Makiyayar da Ta Zama Filin Zamiyar Ƙanƙara

Mutumin Funtuwa ko Malumfashi da ke kukan sanyin hunturu da wuya ya yarda akwai inda dusar ƙanƙara ke lulluɓe ƙasa ruf a Afirka, har mutane su biya kuɗi don su yi zamiya a kanta. Akwai kuwa. Ukaimeden na cikin tsaunukan Atlas na ƙasar Maroko, kimanin kilomita 75 kudu da birnin Marrakesh. Ƙauyen na zaune a tsayin mita 2,600, ƙololuwar dutsen kuma ta haura mita 3,200.

Tun kafin a san wasan zamiya, wurin na makiyaya ne. Har yau akwai zanen shanu da wuƙaƙe da mutane da aka sassaƙa a jikin duwatsun shekaru dubbai da suka wuce. Ƙabilun Reraya da Urika, waɗanda harshensu dangin na Buzaye ne, suna da tsohuwar doka da suke kira agdal. Daga 15 ga Maris ake rufe makiyayar, babu mai shigar da ko akuya ɗaya, sai ciyawa ta girma ta zubar da iri. Ranar 10 ga Agusta a buɗe, iyalai su hauro da garkunansu su tare a bukkokin dutse. Alfarmar waliyyin yankin, Sidi Faris, ita ke tsare wannan doka. Tamkar dai yadda a ƙasarmu ba a sakin shanu cikin gona sai an kwashe dawa.

Zamiya ta zo ne da Turawan Faransa, waɗanda suka kama mulkin Maroko a 1912. A shekarun 1930 ƙungiyar masu hawan dutse ta Faransa ta gina ɗan masauki a wurin. Lokacin babu hanyar mota, sai a ƙafa ko a bayan alfadari. A 1942 aka yi gasar zamiya ta ƙasa a nan, amma abin da ya buɗe wurin sosai shi ne hanyar mota da ta iso a 1948. Bayanta aka samu otal-otal da gidajen hutu, da na'urorin da ke jan 'yan wasa zuwa saman gangare.

Samun 'yancin kai a 1956 bai tsayar da aikin ba. A 1963 aka kafa kujerun da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe, masu ɗaukar mutum har kusa da ƙololuwa, daga baya kuma aka fasa sabuwar hanya ta kwarin Urika. Sannu a hankali wurin ya tashi daga na Turawa ya koma na 'yan ƙasa. Daga Janairu zuwa Maris, ranakun hutu, motoci kan yi jerin gwano daga Marrakesh. Samarin ƙauye na baje takalman zamiya da sanduna a bakin hanya suna ba da haya, masu shayin na'ana'a na hura gawayi, wanda ƙafarsa ta gaji kuma a ɗora shi kan alfadari. Da yawa ba gwanaye ba ne, sun zo ne kawai yaransu su taɓa ƙanƙara.

A 2007 Jami'ar Kadi Ayyad ta Marrakesh ta buɗe cibiyar nazarin taurari a kan dutsen, saboda sararin samaniyarsa garau yake. Kamfanin Emaar na Dubai ma ya taɓa sanar da shirin mayar da wurin katafaren wurin shaƙatawa, amma aikin bai tabbata ba. Girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023, wadda ta halaka mutum kusan 3,000, ta afka wa lardin Alhauz da Ukaimeden ke ciki.

Babbar barazana dai ita ce fari. Shekarun baya-bayan nan ƙanƙara kan makara ko ta zo kaɗan, masu haya su wuni babu ciniki. Makiyayan ma abin na shafar su, domin ƙanƙarar da ta narke ce ke shayar da ciyawar Agusta. Ɗan wasa da mai garke kowa da watanninsa, amma abincinsu duka a hannun ƙanƙarar yake.