Wayar Kennedy da Tafawa Ɓalewa: Wa Ke da Sararin Sama?

Ranar 23 ga Agusta, 1963, Shugaba Kennedy na Amurka ya ɗauki kan tarho a Washinton ya yi magana da Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa a Ikko. Muryar tasu ba ta bi waya ta ƙarƙashin teku ba. Sai da ta hau kimanin kilomita 36,000 zuwa wani tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2, sannan ta sauko kan wani jirgin ruwan Amurka, Kingsport, da ke tsaye a gaɓar Ikko. Wannan ne karo na farko da shugabannin gwamnati biyu suka yi hira kai tsaye ta tauraron ɗan'adam, har suka taɓo zancen ɗan dambenmu Dick Tiger, wanda ya doke Ba'amurke Gene Fullmer a Ibadan a wannan watan. Abin da nake so mu duba a wannan maƙala ba hirar ba ce, a'a, gardamar da ke bayanta ce: shin wannan hanya ta sama ta gwamnati ce ko ta 'yan kasuwa?

Su kansu Amurkawa sai da suka kai ruwa rana kan wannan tambaya. A Yulin 1962 aka harba Telstar, mallakar kamfanin tarho na AT&T, amma rokar da ta kai shi sama ta gwamnati ce, kuma ilmin roka gaba ɗaya da kuɗin haraji aka samo shi. Da aka kawo dokar da za ta miƙa harkar ga wani sabon kamfani, wasu 'yan Majalisar Dattijai irin su Estes Kefauver da Wayne Morse suka ce ba su yarda ba, wannan kyautar dukiyar jama'a ce ga attajirai. Suka yi ta jan magana kwana da kwanaki don hana ƙuri'a, har sai da majalisa ta rufe musu baki da ƙuri'ar tsayar da muhawara, abin da rabon da a yi tun 1927. Kennedy ya sa hannu a dokar ranar 31 ga Agusta, 1962, aka haifi kamfanin Comsat. Shi wannan kamfani jemage ne, ba tsuntsu ba, ba dabba ba: rabin hannun jarinsa na kamfanonin sadarwa, rabi na duk wanda ya saya a kasuwa, amma shugaban ƙasa ke naɗa uku daga cikin daraktocinsa 15.

To, me ya kawo Ikko cikin wannan lissafi? Mai karatu ya tuna lokacin yaƙin cacar baka ne. Amurka tana so ta nuna wa sababbin ƙasashen Afirka da Asiya cewa fasaharta ta fi ta Rasha amfani, kuma da ma tana da tasha a Kano wadda ke bin sawun kumbon 'yan sama jannatinta. Mu kuma muna da tamu buƙatar. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa waya ne don ta haɗa kowace ƙasa da uwar gijiyarta, ba da maƙwabciyarta ba, ta yadda kira daga ƙasar rainon Ingila zuwa ta Faransa yakan zaga ta Landan da Paris, a biya Turawa kuɗin hanya. Bakano da Badamagare, waɗanda fatake suka haɗa su tun kaka da kakanni, sai ga shi waya ta raba su.

A Agustan 1964 aka kafa ƙungiyar Intelsat ta gwamnatoci, Comsat ke tafiyar da ita da kashi 61 cikin ɗari, kuma a Afrilun 1965 ta harba tauraronta na farko, Early Bird, mai ɗaukar kira 240 a lokaci guda. Ana sukar ƙungiyar da cewa Amurka ta kankane ta, kuma da gaskiyar masu sukar. Amma akwai wata ƙa'ida tata da a ganina ba a ba ta haƙƙinta a tarihi: kuɗin hayar layi ɗaya ne ga kowa. Ƙasar da ke da kira kaɗan tana biyan abin da mai kira dubbai ke biya a kan kowane layi, wato hanyoyi masu riba suna ɗauke wa marasa riba nauyi. Ɗan kasuwa ba zai yi wannan don kansa ba. Sai gwamnatoci sun zauna sun sa hannu.

A nan gida, gwamnati ta gina tashar Lanlate a 1971, a ƙarƙashin kamfanin NET mai kula da sadarwa da ƙasashen waje, daga baya aka ƙara ta Kujama kusa da Kaduna. A 1985 aka haɗe NET da sashen tarho na Gidan Waya aka sami NITEL. Nan fa gizo ke saƙar. Ƙofar sama ta buɗe, amma ta ƙasa a rufe take. Mutum ya cika takarda ya jira shekaru bai sami layi ba, wanda ya samu kuma ruwan sama ɗaya ya kashe masa. Zuwa 2001, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 100 ba ta da layukan tarho rabin miliyan. Wanda duk ke kare mallakar gwamnati, ni ma ina cikinsu a wasu wuraren, dole ya haɗiye wannan adadi.

Shekarar 2001 ta juya al'amura a sama da ƙasa. A Janairu hukumar NCC, wadda aka kafa da dokar soja ta 1992, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane, kuma cikin 'yan shekaru waya ta isa hannun mai shayi da mai tura baro. A Yuli kuma aka mayar da Intelsat kamfanin 'yan kasuwa, bayan majalisar Amurka ta yi dokar matsa lamba a 2000. Mutane da yawa sukan ce wannan hujja ce cewa gwamnati ta tsame hannunta kawai. Ban yarda ba. Gwamnati ce ta raba zangon iska, ta yi gwanjon a fili, ta tilasta wa kamfanoni haɗa layukansu da juna. Ba ta fita ba, kujera ta sake, daga mai shago ta koma sarkin kasuwa.

Sai dai ba ta daddara da shagon ba. A Mayun 2007 aka harba mata NigComSat-1 daga Xichang ta ƙasar Sin, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda lalacewar faifan da ke tara masa hasken rana, aka maye gurbinsa a Disamban 2011. NITEL kuwa, bayan an yi ta neman mai saye ana fasawa, an miƙa kadarorinta ga 'yan kasuwa a 2015. A Janairun 2023 kamfanin Starlink na attajirin Amurka Elon Musk ya fara aiki a Nijeriya, ƙasa ta farko a Afirka. Lasisinsa NCC ce ta ba shi, amma taurarinsa dubbai ba mu da ƙuri'a a kansu, ba kamar Intelsat ta dā ba, inda ko yaya ƙanƙantar hannun jarinmu, muna da kujera a zauren da ake yanke farashi.