Garnet na ƙarfe: yadda sauya sinadari ke canza ƙarfin maganaɗisu

Garnet na ƙarfe wani kiristal ne da ake haɗawa a ɗakin bincike, mai tsari irin na dutsen adon nan da ake kira garnet. A shekarar 1956 ne Félix Bertaut da Francis Forrat suka bayyana shi a birnin Grenoble na Faransa. Wanda aka fi sani shi ne na itiriyum, ko YIG a taƙaice. Kowane rukuninsa na ɗauke da ƙwayoyin zarra 3 na itiriyum, 5 na ƙarfe da 12 na oksijin.

Inda ƙarfinsa yake fitowa

Ƙwayoyin ƙarfen nan biyar kowace ƙaramar maganaɗisu ce, amma ba wuri ɗaya suke fuskanta ba. Uku na zaune a gurbin da oksijin 4 suka kewaye, biyu kuma a gurbin da oksijin 6 suka kewaye, kuma ɓangarorin biyu suna ja da juna. Biyu sun kashe biyu, saura ɗaya. Wannan rarar ce ƙarfin da ake aunawa. Louis Néel ne ya yi bayanin irin wannan hali a 1948, ya kuma samu kyautar Nobel a 1970. Itiriyum ɗan kallo ne, ba ya ja. In zafi ya kai wajen digiri 287, ƙarfin yakan ɓace.

Abin da sauyi ke haifarwa

Galiyum da alminiyum ba su da maganaɗisu, kuma sun fi shiga gurbin ɓangaren uku. Don haka rarar takan ragu. Skandiyum da indiyum kuwa ɓangaren biyu suke shiga, sai rarar ta ƙaru a cikin tsananin sanyi. Sai dai duk ƙarfen da aka cire yana raunana haɗin, kiristal ɗin ya rasa ƙarfinsa tun zafi bai kai 287 ba.

In aka sa gadoliniyum a madadin itiriyum, ɗan kallo ya shiga ja ke nan, yana adawa da rarar ƙarfen. A wajen digiri 15 ɓangarorin sukan yi kunnen doki, ƙarfin ya koma sifiri. Bismut kuma yana ƙara wa kiristal ɗin ikon murɗa hasken da ya ratsa shi.

Amfaninsa

Ana sa garnet a na'urorin rada da na sadarwa domin tace saƙo da hana shi komawa baya. Ɗan gadoliniyum na taimaka wa ƙarfinsa ya tsaya daidai ko da zafi ya sauya. Mai bismut kuwa yana kare fitilar leza daga hasken da ke dawowa a igiyoyin gilashi masu ɗauke da intanet. In awon haɗin ya kauce, na'urar takan kauce wa zangon da aka ƙera ta dominsa.