Aiki da rakiya ga naƙasassu: mene ne shi, kuma yaya yake a Damargu lokacin matsin tattalin arziki

Aiki da rakiya, wanda ake kira « emploi accompagné » da Faransanci, tsari ne na sama wa mai naƙasa aikin yi a wurin da kowa yake aiki, a biya shi kamar yadda ake biyan kowa, sannan a haɗa shi da wani mutum da zai riƙa bibiyarsa har ya zauna da gindinsa. Ya bambanta da sadaka, ya kuma bambanta da cibiyoyin da ake ware naƙasassu su kaɗai. A gundumomin Tanut da Belbeji na jihar Damagaram, inda aikin albashi ya yi ƙaranci, tsarin ya fi dacewa da kasuwa da shagunan masu sana'a fiye da ofisoshi.

Asalin tsarin

A Amurka aka fara shi, kuma dokokin ƙasar na 1984 da 1986 ne suka ba shi suna. Kafin nan, akan daɗe ana horar da mai naƙasa a cibiya, ana jiran ranar da zai cancanci aiki, ranar da sau da yawa ba ta zuwa. Sabon tsarin sai ya juya abin: a fara sama masa aikin, horon ya biyo baya a wurin aikin. Faransa ta shigar da shi cikin dokarta ta ƙwadago ta 8 ga Agustan 2016.

Yadda yake tafiya

Matakai huɗu ne. Da farko mai rakiya yana zama da mutumin da danginsa, don a san abin da ya iya da abin da yake so. Na biyu, a nemo maigidan da ke buƙatar ma'aikaci, a daidaita kan aiki da lada. Na uku, a gyara wurin aikin: a rage tsawon teburi ga mai keken guragu, a mayar da keken ɗinki na ƙafa ya zama na hannu, a koya wa abokan aikin kurma ƴan alamomin da za su riƙa magana da shi. Na huɗu shi ne bibiya. Mai rakiya yana zuwa kullum a makonnin farko, daga baya ya riƙa leƙowa jefi-jefi, ya sasanta idan saɓani ya taso. Maigidan ma yana cikin waɗanda ake rakawa, domin shi ne ya fi fargabar asara.

Abin da dokar Nijar ta tanada

Doka mai lamba 93-012 ta 2 ga Maris 1993, wadda aka yi wa gyara a 2010, ta wajabta wa duk ma'aikatar gwamnati ko kamfani mai ma'aikata 20 zuwa sama ya ware kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga naƙasassu. Nijar ta rattaba hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin naƙasassu, ta kuma tabbatar da ita a 2008. Sashe na 27 na yarjejeniyar ne ya yi magana kan aiki. A ranar 10 ga Disamban 2019 aka samu doka mai lamba 2019-62 kan shigar da naƙasassu cikin harkokin rayuwa. Ana bikin ranarsu ta ƙasa kowace 31 ga Yuli, ta duniya kuma 3 ga Disamba. A Faransa kason kashi 6 ne tun 1987, a Najeriya kuma kashi 5 ne a ma'aikatun gwamnati tun 2019.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kashi 4,2 cikin 100 na ƴan Nijar suna da naƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta kashi 16 a duniya baki ɗaya, abin da ke nuna ƙidaya takan tsallake naƙasar da ido ba ya gani, kamar taɓin hankali da raunin ji.

Inda aikin yake a Damargu

Gundumar Tanut ta ƙunshi ƙananan hukumomin Tanut, Gangara, Olelewa, Falanko da Tenhiya. Belbeji, mai ƙaramar hukumar Tarka, ta zama gunduma a 2011. Jama'ar gundumomin biyu sun haura rabin miliyan a ƙidayar 2012, kuma galibinsu noman hatsi da kiwo ne abin dogaronsu. Idan aka ɗebe ma'aikatun gwamnati da matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011 kusa da Bakin Birji, wuraren da ke da ma'aikata 20 ƴan ƙalilan ne. Ke nan dokar kashi 5 ba ta kai ga tela, da mai walda, da mai injin niƙa, da mai cajin waya, alhali a hannunsu aikin gari yake.

Sai dai ƙasar Hausa tana da nata tushen. Koyon sana'a a hannun maigida shi ma aiki ne da horo a wuri guda. Makafi sun daɗe da tufkar igiya, guragu da yawa sun riƙe ɗinki da gyaran takalma da na rediyo. Akwai sarautun sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, waɗanda suka san mutanensu gida-gida. Akwai kuma asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, da kan ba mace ɗan jari ba tare da banki ba. Abin da aiki da rakiya ya ƙara a kan waɗannan shi ne yarjejeniya bayyananniya kan lada, da mutum na uku da zai sa ido.

Lokacin matsi

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi daga 30 ga Yuli har zuwa 24 ga Fabrairun 2024. An rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki, wasu abokan hulɗa suka dakatar da tallafi. A watan Oktoban 2023 gwamnati ta rage kasafin kuɗin shekara da kusan kashi 40. Darajar naira ta faɗi tun daga Yunin 2023, abin da ya taɓa masu kai dabbobi kasuwannin Najeriya da ƴan ci-rani. A farkon 2025 kuma Amurka ta datse yawancin tallafinta na ƙetare.

Irin wannan hali yana taɓa mai naƙasa ta hanya uku. Ciniki ya ragu, maigida ya fara sallamar wanda yake ganin ya fi jinkiri. Kuɗin da dangi ke aikowa daga ci-rani ya ragu, a taɓa jari don sayen hatsi, musamman lokacin bazara da farkon damina. Shirin da ke biyan mai rakiya ya tsaya, kuma rakiyar ce ake fara yankewa domin ba ta fitowa a hoto kamar rabon kekunan ɗinki. Keken da aka raba ba tare da bibiya ba, ba wuya ya ƙare a kasuwa ranar da rumbu ya ƙare, mai shi ya koma bara.

Shi ya sa rakiyar ta fi muhimmanci a lokacin matsi. Mai rakiya yana iya daidaitawa da maigida a rage ranakun aiki maimakon sallama, ko a koma biya gwargwadon abin da aka yi, ko a haɗa mutumin da asusu kafin jarinsa ya narke. Kuɗinta bai kai na gina cibiya ba, kuma malamin sana'a ko wakilin ƙungiya na iya ɗaukar nauyinta.

Inda za a nufa

Mai neman bayani na iya farawa da ofishin magajin gari da ma'aikatar kula da jin daɗin jama'a ta gunduma. Tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta FNPH ce ke magana da yawunsu a ƙasa baki ɗaya. Hukumar ANPE tana rajistar masu neman aiki, asusun FAFPA yana ɗaukar nauyin koyon sana'a, cibiyoyin CFM kuma suna horarwa a ƙananan hukumomi. Kafin a fara aiki, yana da kyau a faɗi lada da ranakun aiki da wanda zai riƙa bibiya a gaban shaidu, ko da ba a rubuta ba. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, amma sai an samu mai taimakawa a wasa shi kafin ya ci itace.