Daga Jigon Kakana zuwa Gonar Bene

A bakin gulbi, a Wamakko, na fara gane cewa birni ma yana da ciki, kuma kullum sai an ciyar da shi. Kakana yana da lambu a fadama. Da rani, kafin injin ban ruwa ya zo masa, da jigo yake ɗebo ruwa yana shayar da albasa da tumatir da barkono, da asuba kuma a ɗora wa jaki kaya zuwa kasuwar Sakkwato. Shi ya sa da na fara jin labarin gonakin da ake shukawa cikin dogayen benaye, ban ɗauke shi baƙon abu ba.

Tunanin birni ya noma abincinsa a cikinsa tsoho ne a ƙasar Hausa. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara ginawa a ƙarni na 12, ta kewaye gidaje da gonaki da kududdufai baki ɗaya. Da Bajamushe Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da filayen noma masu faɗi a cikin ganuwar. Dalilin a fili yake: idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya, hatsin da ke ciki shi ne makami na ƙarshe. Haka nan da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, ya zaɓi tudu kusa da mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato, inda fadama ke ba da shinkafa da kayan lambu.

Ƙarni na 20 ya canza wannan tsari. An kammala madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma a 1984, ruwan da gulbi ke kawowa a kan lokacinsa ya koma hannun injiniyoyi. Birni ya faɗaɗa zuwa ƙasar Wamakko, da masana'antar siminti a Kalambaina da jami'ar da aka kafa a 1975, gonaki da yawa suka zama fulotai. Ambaliyar Satumbar 2010, wadda ta yanke hanyar jami'a, ta cinye shinkafarmu a dare ɗaya.

A wannan shekarar ce Dickson Despommier na Jami'ar Kolombiya a Amurka ya wallafa littafinsa kan noma a benaye. Manufarsa ita ce a jera shuke-shuke hawa-hawa, saiwoyinsu cikin ruwa mai sinadarin taki, fitilu su maye gurbin rana. A 2012 kamfanin Sky Greens ya buɗe irin wannan gona a Singafo, tsibirin da ke shigo da fiye da kashi 90 cikin 100 na abincinsa. Amma a 2023 kamfanin AeroFarms na Amurka ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Lantarki yana da tsada, kuma ganyen salak ne ke fitowa daga benayen. Gero da dawa da shinkafa, waɗanda su ne tuwonmu, har yanzu ƙasa suke so.

To, me ya rage mana? Ranar da Turai ke saye da kuɗin fitila, mu kyauta muke samunta. Matan unguwarmu sun riga sun fara shuka yakuwa da alayyafo a buhuna, a tsakar gida da kan katanga, musamman tun da rashin tsaro ya sa wasu gonakin daji suka gagari masu su. Wannan ita ce gonar benen da ƙarfinmu ya kai, kuma ta cancanci a koyar da ita a makarantu. Sai dai buhu dubu ba ya maye gurbin fadama ɗaya. Magabata sun zagaye gonakinsu da ganuwa don kada yunwa ta ci gari da yaƙi; ganuwar da muke bukata yau doka ce da za ta hana a zuba siminti a kan lambun kakana.